Sarauniya Ba Ta Jin Hausa: Finafinan Yaƙinmu da Masu Gyaransu

A wani dare na lokacin ɗari, a tsakar wani gida a nan Gure, mun taru mu kusan ashirin muna kallon Sarraounia, fim ɗin Med Hondo, a akwatin talabijin. Kwafin da muka samu ya sha hannu. Daga kaset aka kwafo shi, kaset ɗin ma daga wani kaset, har fuskokin mutane suka narke, jar ƙasa ta koma ruwan toka. An kuma datse gefen hoton dama da hagu don ya shiga akwati, ta yadda in mutum biyu suna magana sai ka ga hancin wannan da kunnen wancan. Duk da haka ba wanda ya tashi. Can daidai inda sarauniyar Lugu take yi wa mayaƙanta jawabi, wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta taɓo ni ta ce, "Ɗan nan, ba ka ce mutuniyar Arewa ba ce, ta wajen Dogonduci? To wane yare take yi haka?" Na ce, "Inna, harshen Jula ne, na mutanen Burkina, don can aka ɗauki fim ɗin." Ta ce ikon Allah, ta gyara lulluɓinta ta ci gaba da kallo. Sai dai na lura daga nan ba ta ƙara tambaya ta abin da aka ce ba.

Tambayar tsohuwar nan nake tunawa duk lokacin da na karanta cewa an gyara wani tsohon fim na yaƙi an nuna shi a Cannes ko Bolonya ko Berlin, ƴan kallo sun miƙe suna tafi. Aikin gyaran abin yabo ne, kuma zan faɗi dalili. Amma wanda yake zaune a Muniyo, tsakanin Damagaram da tafkin Cadi, wato a kan hanyar da yaƙin mulkin mallaka ya bi da ƙafarsa, yana da haƙƙin ya tambaya: wa ake gyara wa?

Bari mu fara da aikin kansa, domin da yawa daga cikinmu suna zaton fim abu ne da ba ya tsufa. Har wajen 1951, zaren da ake ɗaukar manyan finafinai a kansa da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda kan kama wuta da kansa in zafi ya yi yawa, ruwa kuma ba ya kashe wutarsa. Zaren da ya gaje shi ba ya cin wuta haka, amma yana da tasa cutar: in zafi da laima suka haɗu masa sai ya fara tsami a cikin gwangwaninsa, ya motse, ya kanannaɗe, launinsa ya kwashe ya bar ja-ja kawai. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da bincike a 2013 cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar na zamanin da ba murya sun ɓace gaba ɗaya. Wannan fa a Amurka ke nan, inda akwai kuɗi da ɗakunan sanyi. Mai karatu ya ƙiyasta abin da zai sami gwangwani a cikin kabad a garin da zafin bazara ke haura digiri 40.

Mai gyara yakan nemo uwar zaren, wadda aka ɗauka a cikin kyamara kuma daga gare ta ake wanko sauran. Ya ɗinke inda ya yage, ya wanke, ya sa na'ura ta kwafe hotunan ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, saboda haka fim na awa biyu ya haura hoto 170,000, kowanne da tabonsa da ƙurarsa. Aiki ne na haƙuri irin na mai ɗinkin babbar riga.

Misalin da ya fi koyar da ni shi ne na The Battle of the Somme. Ingilishi biyu, Geoffrey Malins da John McDowell, suka ɗauke shi a fagen daga a arewacin Faransa a watannin Yuni da Yuli na 1916, a yaƙin da Ingila ta rasa soja sama da 19,000 a ranarsa ta farko kaɗai. An fara nuna shi a watan Agusta na shekarar, kuma an ƙiyasta tikiti miliyan 20 aka sayar a makonni shida. Mata suna shiga silima suna duba fuskar ƴaƴansu da mazajensu. Gidan tarihin yaƙi na Landan ya gyara shi aka nuna a 2006. Wurin da ya fi shahara a fim ɗin, inda sojoji suke haurowa daga rami wasu suna faɗuwa, masana sun daɗe da gano cewa shirya shi aka yi a bayan fage, nesa da harsashi. Masu gyara ba su cire shi ba, ba su kuma ɓoye gaskiyarsa ba. Sun bar shi kusa da hoton gaske na wani soja da ya goyo abokinsa mai rauni yana ratsa rami yana duban kyamara. Mai kallo na yau yana ganin ƙaryar da gaskiyar a jere, yana kuma fahimtar dalilin da ya sa gwamnati ta so a yi duka biyun. Ni a wurina gyara ke nan. Abin da Peter Jackson ya yi a 2018 da hotunan gidan tarihin nan, inda ya shafa musu launi ya sa musu muryoyi, ya taɓa zuciya ƙwarai, amma sabon fim ne na 2018. Kwalliya daban, gyara daban.

A shekarar nan ta 1916, cikin watan Disamba, Kawusan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, sai a watan Maris na 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta kwance ƙawanyar, aka kuma yi wa malamai da mutanen gari kisan da har yau ba a manta ba. Ba Malins a Agadas. A lokacin nan kuma ƴan Afirka ta Yamma kusan 200,000 Faransa ta ɗiba zuwa yaƙinta, kimanin 30,000 ba su dawo ba. In sun fito a hotunan zamanin, sukan fito ne a jere suna fareti, ba suna, ba gari. Da kyamarar silima ta ratso ƙasar nan a ƙarshen 1924, tare da motocin Citroën takwas da suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi tafkin Cadi, dawakai masu lifidi da matan fada ta zo nema. Wanda ya jagoranci ɗaukar, Léon Poirier, ya fitar da La Croisière noire a 1926, bayan shekara biyu kuma ya fitar da babban fim ɗinsa a kan yaƙin Verdun, wanda ma'ajiyar finafinai ta Toulouse ta gyara a 2006. Mutum ɗaya ne da ido ɗaya. A Verdun ya ga mutane masu tsoro da uwaye da kaburbura. A nan kuwa ado ya gani.

Finafinan yaƙi na farko da Bahaushe ya kalla ma na wasu ne. A 1939 Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya riga ya yi shekaru yana nuna finafinan tsabta a Nijeriya. Motar majigi takan tsaya a ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle, a nuna jiragen Ingila da tankokinta, wani ma'aikaci yana tsaye da lasifika yana bayani da Hausa. Farfaganda ce tsagwaronta, ta neman soja da gyaɗa. Amma a lura da abu guda: Baturen nan ya san fim bai isa wurin mutane ba sai ya zo dandalinsu, da dare, kyauta, cikin harshensu. Zan dawo kan wannan.

Namu finafinan yaƙin sai bayan samun ƴancin kai aka yi su, saboda haka "na farko" a wurinmu na shekarun 1960 zuwa 1980 ne. Ba su da yawa. Akwai Cabascabo na Oumarou Ganda, wanda aka nuna a Cannes da Mosko a 1969. Akwai Babatu na Jean Rouch, 1976, da aka gina a kan labarin Boubou Hama game da mayaƙin Zabarmawa a ƙasar Gurunsi. Akwai Si les cavaliers na Mahamane Bakabé a farkon shekarun 1980. Sai kuma Sarraounia a 1986, wanda ya fi su duka girma da suna.

Sarraounia namu ne ta wata fuska da ba kowa ke tunawa ba. Abdoulaye Mamani, wanda ya rubuta littafin a 1980, haifaffen Gudumariya ne, garin da ke gabas da mu a kan titin Diffa. Ɗan Sawaba ne, ya yi gudun hijira bayan 1960, ya dawo ya sha kurkuku a zamanin Kountché, ya rasu a haɗarin mota a 1993 a hanyar Damagaram zuwa Yamai. Abokinsa Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya yi niyyar ɗaukar fim ɗin a Nijar, abin bai yiwu da gwamnatin lokacin ba, Burkina ta Thomas Sankara ta karɓe shi. Dalilin da ya sa Aï Keïta ta zama sarauniya ke nan, kuma dalilin da ya sa Inna ba ta ji abin da take faɗi ba. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, bayan da a Paris aka yi masa fitar wulaƙanci, aka janye shi daga gidajen silima cikin ɗan lokaci.

Abin da ya fi ƙarfi a fim ɗin shi ne rundunar Voulet da Chanoine. Hondo ya ɗauke ta da faffaɗan hoto, irin wanda kwafinmu na Gure ya datse, don a ga cewa gari ne guda yake tafiya: sojoji, ƴan dako a ɗaure, matan da aka kamo, shanun ganima, tafinta yana kai gwauro yana kai mari tsakanin harsuna. Wanda ya kalle shi a datse bai ga fim ɗin ba, domin ma'anar tana cikin faɗin. Faransawan da ke cikin ayarin na 1899 ba su kai goma ba. Hannun da ya cinna wa Birnin Ƙonni wuta a watan Mayu na shekarar baƙi ne irin namu, kuma Hondo bai kauce wa wannan ba. Ya nuna yadda ake sayen soja da ganima da mace, ya nuna yadda tsoro ke cin sa da dare in ya ji labarin matsafiyar da harsashi ba ya kamawa. Bai kuma yarda da uzurin da Faransa ta daɗe tana bayarwa ba, wai zafin rana ne ya taɓa kan hafsoshinta biyu. A fim ɗin Voulet mutum ne mai lissafi, mai neman girma da lambar yabo, wanda ya ɗauki umarnin da aka ba shi ya kai shi ƙarshensa.

Rauninsa kuwa yana wajen ita sarauniyar. Muddin ba a ganin ta, sai labarinta da ke yawo a bakin sojoji, tana da kwarjini. Da ta buɗe baki sai ta zama gunki mai jawabi. Maganganunta a kan ƴanci da haɗuwar kabilu da addinai a gari ɗaya na Mamani ne, ɗan siyasar 1958, ya ɗora a harshen wata mata ta 1899. Saraunta a Lugu muƙami ne na addinin gargajiya da ake gada, mai riƙe da shi mace ce mai tsari da keɓewa, kuma masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun nuna nisan da ke tsakanin wadda mutanen Lugu suke tunawa da jarumar mai kwari da baka ta littafi. Haka nan yadda fim ɗin ya zana sarakunan Musulmi, mafi yawansu ko masu ba Nasara jagora ko masu murnar a kawar musu da arniya, ya yi sauƙi da yawa. Bayan shekara huɗu kacal Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya mutu yana yaƙi a Burmi a watan Yuli na 1903. Na tabbata in aka nuna fim ɗin a dandalin Gure wani malami zai miƙe ya faɗi haka, kuma gaskiyarsa.

Sai babban al'amari, wanda mutumin Paris ba zai ji shi a jikinsa ba. An yi yaƙin Lugu a watan Afrilu na 1899. Faransawa sun rasa soja 4, sun ƙone garin, sarauniya da mutanenta suka shige kurmi. Rundunar ta ci gaba gabas tana ɓarna wata uku. A ranar 14 ga Yuli, kusa da Ɗankori a ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Ranar 16 sojojinsu suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet, kaburburansu suna Maijirgi. Fim ɗin ya ɗaure wannan da wancan, ya sa tsoron sarauniya ne ya rushe ayarin, ya rufe da nasara. Haƙƙin mai fasaha ne. Amma ayarin bai rushe ba. Pallier da Joalland da Meynier suka tattara shi, suka fasa rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin ranar 30 ga Yuli, aka bi Sarki Amadu Kuran Daga aka kashe shi. A watan Oktoba suka fito suka nufi tafkin Cadi, a watan Afrilu na 1900 aka kashe Rabe a Kusuri. Wato ga mutumin Damagaram da Muniyo, fim ɗin ya ƙare saura kwana 13 nasa labarin ya fara. Ana tafi a allo, alhali ƙurar tana tahowa ƙofar gidan kakansa.

Wannan ba dalilin ƙin fim ɗin ba ne. Dalili ne na nuna shi a nan, inda akwai masu iya yi masa gardama.

Cabascabo ƙarami ne a kusa da shi: minti 45, baƙi da fari, da Zabarmanci da Faransanci, ba dawaki ba ganuwa. Amma in aka ce in zaɓi ɗaya, shi zan ɗauka. Ganda ya shiga sojan Faransa yana yaro, aka kai shi Indoshin, ya dawo a tsakiyar shekarun 1950 bai sami aiki ba, har ya gangara Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa, inda Rouch ya same shi. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin sojan da ya dawo gida da ɗan kuɗin sallama, abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, kuɗin ya ƙare, kowa ya watse. Yaƙin yana zuwa ne gutsure-gutsure, cikin tunani da cikin labarin da yake ba abokan shan giya, kuma a Nijar aka ɗauke shi da abin da ya samu. Wani zai ce Indoshin ɗin ba ta yi kama da Indoshin ba. Ni ina ganin hakan ya fi, don ba wanda ya taɓa tuna yaƙi da tsabtar hoto. Abin da Ganda ya sani, wanda Hondo ya hango daga nesa kawai, shi ne yadda sojan haya yake ji bayan an gama da shi: ya yi yaƙin da ba nasa ba da mutanen da ba su yi masa kome ba, ya dawo yana buga ƙafa yana ba da oda a garin da ba mai sara masa. Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san irin tsohon, da lambobinsa a ƙirjin tsohuwar kwat da Faransancinsa na bariki, yara suna bin sa suna dariya. Mazan jiya muke ce musu, rabi girmamawa rabi ba'a. Jikan sojan Voulet ne, kuma kakan wanda yau yake wucewa ta titin Gure a bayan mota zuwa Diffa, inda ake fama tun 2015.

Saboda haka ba na son a nuna Sarraounia shi kaɗai. A ƙarshen 2023 gwamnati ta ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu, sunanta yana kan gidan rediyo da talabijin, yara sun san ta daga lakwal. A irin wannan yanayi abu ne mai sauƙi fim ɗin ya koma majigi, a kafa ƙyalle, a tara jama'a, mai lasifika ya gaya musu abin da za su ji. In aka haɗa shi da Cabascabo a dare ɗaya, ƙaramin zai riƙa ja wa babban riga.

To ina gyararrun suke? A 2017 gidauniyar Martin Scorsese da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka, FEPACI, da UNESCO da ma'ajiyar finafinai ta Bolonya suka ƙulla shirin gyara finafinan Afirka 50. Da Soleil Ô na Hondo aka fara, ya kuwa ga abinsa kafin ya rasu a 2019. A 2024 aka nuna gyararren Camp de Thiaroye na Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow a Cannes, fim ɗin 1988 a kan sojojin Afirka da Faransa ta harbe a barikin Caroy kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu. Faransa ta yi shekara goma ba ta nuna shi a gidajen silimarta ba, kuma sai a watan Nuwamba na 2024 shugabanta ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. A maƙwabta, Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin Hausa na 1976 da aka ɗauka ya ɓace, an gano zarensa a 2016, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a Berlin a 2018. Duk wannan alheri ne, wanda ya raina shi bai san wahalar aikin ba.

Sai dai a duba inda hanyar take bi. Da yake ba mu da wurin wanke fim, uwayen zaren finafinanmu tun farko a Faransa aka wanke su, can kuma akasarinsu suka zauna. Can ake gyarawa, can ake fara nunawa, da fassarar Faransanci ko Ingilishi a ƙasan allo, a cikin wani nau'in kwafi da sai na'urar babban gidan silima ke buɗe shi. Mu kuwa gidajen silimarmu sun mutu tun zuwan bidiyo. Ƙofar da irin waɗannan kwafi suka saba shigowa ta nan ita ce cibiyoyin al'adu na Faransa da Nijar, ta Yamai da ta Damagaram. A watan Oktoba na 2024 aka sauya wa ta Yamai suna daga Jean Rouch zuwa Moustapha Alassane, ta koma hannun ƙasa. Alassane ya cancanci fiye da haka. Amma wanda ya karɓi ɗaki ya karɓi shararsa: yanzu nauyin nemo kwafin, da biyan masu haƙƙi, da kai shi Gure da Tanut da Magariya, ya dawo wuyan hukumar silima ta ƙasa. Hanyar kaiwa ba sabuwa ba ce, tun farkon shekarun 2000 ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta nuna cewa mota ɗaya da injin wuta da farin ƙyalle sun isa a tara ƙauye.

Saura harshe, wato tambayar Inna. Rubutu a ƙasan allo, ko da Hausa aka yi shi, bai amfani wadda ba ta yi boko ba, bai kuma amfani na bayan taro da ba ya hango shi. Murya ake bukata. Masu tsattsauran ra'ayin gyara za su ce ɗora wa fim wata murya ɓata shi ne, kuma da za a taɓa uwar kwafin da na bi bayansu. Ba wanda ya ce a taɓa ta. A ajiye ta yadda Hondo ya bar ta, da Jularta da Fulatancinta, a ɗinka mata riga ta biyu. A Kano matasa suna sa jaruman Indiya su yi Hausa cikin ƴan kwanaki, har yaran Gure sun haddace maganganunsu. An yi wa African Apocalypse, fim ɗin Rob Lemkin na 2020 da ya bi sawun Voulet daga gari zuwa gari, murya da Hausa. Shi kansa Med Hondo da wannan sana'a ya ci abinci shekara da shekaru, shi ne muryar Eddie Murphy da Faransanci, da kuɗin kuma yake tallafa wa finafinansa. Da wuya ya ƙi a mayar wa sarauniyarsa harshenta. Sharaɗi ɗaya ne: a ba masu sanin Hausar Arewa da tarihin wurin aikin, kada a cusa barkwancin da ba ya ciki, a kuma bar Faransawa su yi Faransancinsu tafinta ya juya, don rabin ma'anar fim ɗin tana cikin abin da tafinta ya ƙara da abin da ya rage. A Gure ma ba za a tsaya nan ba, sai an sami mai bayani da Barbarci a gefe. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Ga wurin gwada maganar, mai araha kuwa.

Akwai fim ɗaya da ba ya bukatar wannan riga, don da Hausa ya zo duniya, shi ne Si les cavaliers. Bakabé, mutumin Gazawa, ya gina shi a kan rubutun André Salifou, masanin tarihi haifaffen Damagaram wanda ya rasu a 2022. Labarin 1906 ne, shekarar Satiru, lokacin da Faransawa suka ce sun gano shirin Sarki Amadu ɗan Basa da manyan fadarsa na tayar musu, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, sarautar Damagaram ta zauna ba sarki har 1923. Sunan fim ɗin kansa sharaɗi ne da bai cika ba, "da mahayan sun zo". Fim ne na yaƙin da ba a yi ba, na shiri da raɗa da tonon asiri, kuma shi ne ci gaban da Sarraounia ya bari, a garin da ke nisan tafiyar awa uku daga nan. Yau saurayi a Gure zai iya buɗe wayarsa ya kalli sojojin Somme na 1916 tas, amma ka tambaye shi wannan, ko sunansa bai taɓa ji ba. Zaren milimita 16 ne, ya haura shekara 40, kuma ba shi da Scorsese. Duk wanda ya san kabad ɗin da gwangwanayensa suke, a Yamai ne ko a Paris, ya buɗe ɗaya ya sansana. In ya ji tsami, a kai shi ɗakin sanyi a wannan makon.